Ruwan Sha da Haƙoran 'Ya'yanmu: Tsakanin Famfon Kumasi da Rijiyoyin Bongo

 

Abin da ya jawo wannan rubutu wata hira ce da aka yi a ƙofar masallaci a Aboabo, bayan sallar isha'i. Wani ɗan'uwanmu da ya daɗe da zama a birnin Niyok na Amurka ya zo ganin gida, sai ya tarar da ɗan ƙanensa, yaro ɗan shekara 6, kumatu a kumbure, kwana uku ba barci saboda kogon haƙori. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya shiga ba mu labari cewa a can inda yake hukuma ce ke zuba wani sinadari cikin ruwan famfo domin kare haƙoran yara, yana tambayar abin da ya hana gwamnatin Gana yin haka. Wani dattijo mutumin arewa, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya gyara zama ya ce masa ai wannan abu da yake roƙo a zuba mana, shi ne ya sa aka toshe rijiyoyi a ƙasarsu, kuma shi ne ya ɓata bakin jikokinsa. Aka yi ta musu har aka watse, kowa na ganin ɗan'uwansa bai san abin da yake faɗa ba. Alhali kuwa dukansu biyu gaskiya suka faɗa, kuma abu ɗaya suke magana a kai.

Sunan wannan sinadari fulorayid, masu karanta shafukanmu na Faransanci kuma sun san shi da fluor. Ba wani abu ba ne da Bature ya ƙirƙiro a ɗakin bincike. Allah ya halicce shi cikin duwatsu da ƙasa, akwai shi a ruwan teku, akwai shi a ganyen shayi. Ruwan da ya daɗe kwance a ƙarƙashin ƙasa yana jiƙa dutse yakan ɗebo shi, wani wuri kaɗan, wani wuri da yawa. Ba shi da launi, ba shi da wari, harshe kuma ba ya jin ɗanɗanonsa, don haka ba a gane shi sai da awo. Ana auna shi da miligiram cikin lita. Ledar ruwa biyu ita ce lita guda, miligiram kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na giram. Mai karatu ya riƙe wannan ƙanƙantar a zuciyarsa, domin duk rigimar da ake yi a duniya kan wannan al'amari, a kan tazarar da ke tsakanin rabin miligiram da miligiram biyu ko uku ake yin ta.

Iyayenmu sukan ce tsutsa ce ke cin haƙori, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba. Akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama cikin daudar da ke manne wa haƙori. Duk sa'ad da mutum ya sha zaƙi, su ma sun samu abinci, sai su fitar da wani tsami mai narkar da farin ɓawon da ya lulluɓe haƙorin. Idan aka bar baki ya huta, miyau yakan wanke tsamin ya mayar da abin da ya narke. Kullum haka ake yi, ana rushewa ana ginawa, kogo kuwa yana samuwa ne idan rushewa ta rinjayi gini. Aikin fulorayid shi ne taimakon maginin. Idan akwai ɗan kaɗan nasa cikin miyau, gyaran yakan yi sauri, sabon ɓawon kuma ya fi na da jure tsami. A da likitoci sun ɗauka sai an haɗiye shi ya shiga jini kafin ya yi amfani. Daga baya bincike ya nuna mafi yawan amfaninsa a bisa haƙorin yake, wato sa'ad da ya taɓa shi. Za mu komo kan wannan magana, don ita ce ke warware mana rabin matsalar.

Abin mamaki, ta hanyar cutarsa aka fara sanin amfaninsa. A shekarar 1901 wani matashin likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya buɗe wurin aiki a garin Colorado Springs na Amurka, ya tarar da mutanen garin da yawa haƙoransu sun yi dabbare-dabbare da launin ƙasa. Ya shafe shekaru yana bin sawun abin, ya kuma lura cewa waɗannan haƙora, duk da muninsu, ba su cika yin kogo ba. Sai a 1931 aka tabbatar da cewa yawan fulorayid a ruwan sha ne sanadi. Wani likita na gwamnati, Trendley Dean, ya bi garuruwa yana auna ruwa yana duba bakin yara, ya gano cewa wajen miligiram 1 cikin lita yana rage kogo ba tare da ya ɓata launin haƙori sosai ba. Ranar 25 ga Janairu 1945 birnin Grand Rapids ya zama na farko a duniya da ya zuba fulorayid cikin ruwan famfonsa da gangan. Bayan shekara 11 aka ba da rahoton cewa ruɓewar haƙori ta ragu da fiye da kashi 60 cikin ɗari tsakanin yaran da aka haifa bayan soma aikin. Daga nan abin ya bazu. Birmingham ta Ingila da Dublin ta Ailan sun soma a 1964, Niyok ta biyo baya a tsakiyar waɗannan shekarun. Ke nan baƙonmu bai yi ƙarya ba.

To, mu dawo gida. Ruwan famfon Kumasi daga madatsu biyu yake fitowa: Owabi, wadda aka gina tun zamanin Turawan mulki, da Barekese a kan kogin Offin, wadda aka soma ginawa zamanin Kwame Nkrumah, ita ce kuma ke ɗauke da mafi yawan nauyin birnin. Kamfanin ruwa na ƙasa yana tace shi, ya kwantar da lakarsa da alif, ya kashe ƙwayoyin cutarsa da kulorin, sa'annan ya turo shi. Ba a ƙara masa fulorayid, kuma ba a yin haka a ko'ina cikin Gana. Ruwan kogi da na madatsa kuwa bisa al'ada kaɗan yake ɗauke da shi, tun da bai daɗe cikin dutse ba.

Arewa kuma labarin dabam ne. Gundumar Bongo, kusa da Bolgatanga a Jihar Gabas ta Sama, tana zaune kan wani irin dutse mai yawan fulorayid. Wani bincike da aka buga a 1997 ya auna rijiyoyin yankin, ya samu waɗansu sun kai miligiram 4.6 cikin lita, alhali haddin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne 1.5, kuma shi ne hukumar ma'aunai ta Gana ta ɗauka. An haƙa rijiyoyin burtsatse da kuɗi masu yawa, aka samu ruwa garai-garai, amma awo ya sa dole aka toshe su, mata suka koma rafi da tafki. Akwai irin wannan a sassan Gushegu da Karaga da Saboba ma. Yaron da ya sha irin wannan ruwa tun yana goye har ya kai shekara 8, lokacin da haƙoran girma ke ginuwa a cikin dasashi, idan ya yi famfara sai sababbin su fito da farin tabo kamar alli, in abin ya yi tsanani su yi ja-ja ko baƙi-baƙi da ƙananan ramuka. Tabon ba ya fita da goga, domin a cikin ginin haƙorin yake.

A nan ina so in ja hankalin iyaye mata musamman. Zango gari ne na goro, fataucinsa ne ya kawo kakanninmu wannan ƙasa, mun kuma saba ganin jan baki. Saboda haka idan aka kawo yarinya riƙo daga arewa, ko aka ga 'yar dako a Kejetia da irin waɗannan haƙora, nan da nan sai a yanke hukunci: ƙazama ce, ko kuma ta soma cin goro tun ba ta kai ba. Na ga gidan da aka sa yarinya dirzar haƙoranta da gawayi da toka safe da yamma har dasashinta ya yi jini. Na ji inda maganar aure ta yi sanyi a kan haka. Yarinyar ba ta yi laifin kome ba, ruwan garinsu ta sha. Dirza da abu mai kaushi ƙara cinye ɓawon yake yi. Likitocin haƙori, irin na asibitin Komfo Anokye, suna da hanyoyin rage tabon ko rufe shi, can ya kamata a kai ta.

Wanda yake ganin tabon haƙori ƙaramin abu ne, ya tambayi mutanen Tibiri. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke cikin wannan ƙungiya ba su manta ba. Tibirin Gobir, garin Sarkin Gobir da ke dab da Maraɗi, an haƙa masa rijiya mai zurfi aka ja masa famfo a tsakiyar shekarun 1980, jama'a suka yi murna sun huta da guga. Shekara da shekaru yara na sha. Da farko haƙora ne suka soma rinewa. Daga baya aka fara ganin yara ƙafafu sun lanƙwashe, gaɓoɓi sun sandare, waɗansu kai ya yi girma, waɗansu tafiya ta gagara. Da aka auna ruwan sai aka tarar fulorayid ɗinsa ya ninka haddi sau uku ko fiye. Dubban yara abin ya taɓa, fiye da 400 daga cikinsu ya naƙasa su. Maganar ta fito fili a jaridu wajen 2001, iyaye suka kai ƙara, a 2002 kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai. Ba wanda ya zuba wa Tibiri guba. Ruwa ne mai kyan gani, mai daɗin sha, wanda ba a tsaya an auna shi yadda ya kamata ba, ko an auna ba a yi aiki da abin da awon ya nuna ba. Ƙashi shi ma, kamar haƙori, yana tara fulorayid, idan ya yi yawa shekara bayan shekara sai ya yi tauri ya karkace, kuma abin da ya karkace a ƙuruciya da wuya ya miƙe.

Can ƙasashen da suke zuba shi da hannunsu ma, yanzu bakinsu ya rabu. A 2015 Amurka ta sauko da adadin da take shawarta zuwa miligiram 0.7, ganin farin tabo ya yawaita a haƙoran matasa. A watan Agusta 2024 wata hukumar binciken guba ta gwamnatin ƙasar ta bayyana cewa shan ruwa mai fiye da miligiram 1.5 yana da alaƙa da raguwar kaifin ƙwaƙwalwar yara, sai dai ta ce hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci kan 0.7 ba. A watan Oktoba na wannan shekarar masu tace binciken likitanci na Cochrane suka nuna cewa a nazarce-nazarcen da aka yi bayan 1975 amfanin zuba shi a ruwa ya ragu ƙwarai, bai wuce kamar rubu'in haƙori guda ga kowane yaro ba idan aka raba. Dalilin a fili yake: a zamanin Grand Rapids babu man goge baki mai fulorayid, yau kuwa ya cika kanti. A 2025 jihohin Utah da Florida suka haramta zuba shi. Amma kada mai karatu ya yi saurin cewa magana ta ƙare. Birnin Calgary na Kanada ya daina a 2011, aka ga kogon haƙori ya ƙaru a bakin yaransa fiye da na Edmonton da ba ta daina ba, mutanen garin suka jefa ƙuri'a a 2021 cewa a mayar, aka kuma mayar a 2025. Faransa da Jamus da Siwizalan ba ruwa suke bi ba, gishiri suke sa wa, wanda ya so ya saya, wanda bai so ba ya bari.

Ra'ayina, kuma ra'ayi ne, shi ne zuba fulorayid a famfon Kumasi ba shi ne abin da ya kamata Zango ta nema ba. Na farko, wa ke shan ruwan famfon? A gidajenmu na haya da yawa, na famfo na wanka ne da wanki da alwala, na sha kuwa na leda ne, wasu gidajen kuma burtsatse suka dogara da ita. Sai a kashe kuɗi a zuba magani a ruwan da zai ƙare a kwata. Na biyu, aikin yana son awo dare da rana da injin da ba ya kuskure, domin ƙasarmu ƙasar zafi ce, yaronmu ya fi yaron Turai shan ruwa, adadin da ya dace da su zai iya yi mana yawa. Kamfanin da har yanzu yake fama ya kai ruwa kowace unguwa kowace rana, a bar shi ya gama wannan tukuna, kada garin neman gira a rasa ido. Gishiri ma ba zai yi mana ba, don buhun da aka sayar a Kumasi gobe yana Bolgatanga, ya je ya ƙara wa wanda nasa ya riga ya yi yawa.

Wannan ba ya nufin a bar yaro da kumburarren kumatu. Tun da mun ga amfanin fulorayid a taɓa haƙori yake, to yana nan a shagon bakin layi, cikin man goge baki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar cikin jerin magungunan da ba a rasa su a 2021. A duba jikin kwalin, za a ga lamba da haruffan ppm a gefenta. Abin da ake so daga 1,000 zuwa 1,500. Wanda ba a rubuta masa kome ba, ƙamshi kawai aka saya. A goge sau biyu a yini, mafi muhimmanci na dare kafin kwanciya, domin miyau yana raguwa cikin barci. Yaron da bai kai shekara 3 ba a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama, babba na tsaye a kansa don kada ya haɗiye. Idan an gama a tofar, kada a kurkure baki da ruwa, wannan ne kuskuren da kusan dukanmu muke yi, muna wanke maganin tun bai yi aiki ba. Aswaki kuwa sunna ce tabbatacciya, yana kuma kawar da dauda sarai, ba wanda ya ce a bar shi. A riƙe shi wurin alwala da salla, a ƙara da man safe da dare.

Sai zaƙi, wanda shi ne uwar matsalar. Mu faɗi gaskiya, yaron Zango yana karyawa da koko mai sukari, a makaranta alewa da biskit, da rana zoɓo ko lemon kwalba, da yamma ya laɓe wurin 'yan shayi a sam masa. Shawarar da Hukumar Lafiya ta bayar a 2015 ita ce, in da hali, sukarin babba kada ya wuce kamar cokalin shayi 6 a yini, kwalbar lemo guda kuwa ta haura haka. Gwamnatin Gana ta sa harajin kashi 20 cikin ɗari kan abin sha mai zaƙi a 2023, amma haraji ba ya shiga kicin. Abin da ya fi cutar da haƙori ma shi ne yawan maimaitawa. Alewa biyar a zama ɗaya bayan abinci ta fi sauƙi a kan biyar ɗin da aka tsotsa ɗaya-ɗaya daga safe zuwa magariba, domin kowace ɗaya sabon tsami ne. Haka nan jaririn da ake kwantarwa da bulumboti mai zaƙi a baki, haƙoransa na gaba ne ke fara tafiya.

Magana ta ƙarshe ta shafe mu a matsayin ƙungiya. Shayar da ruwa yana cikin mafificin sadaka, kuma alhamdu lillahi mutanenmu ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Kowace shekara ana tara kuɗi, daga nan gida da kuma 'yan'uwa na ƙetare, a haƙa burtsatse a masallaci ko makarantar allo ko ƙauyen iyaye a arewa, da niyyar ladan ya kai ga mamaci. Sau da yawa da zarar ruwa ya ɓullo sai a yi kabbara, a ɗauki hoto, a kafa allo, mai haƙa ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi. An ɗanɗana an ji ba gishiri, shi ke nan. To, ruwan Tibiri ma ba gishiri. Kuma kada a ce za a tafasa, tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, fulorayid kuwa ƙara kauri yake yi idan ruwa ya ƙone. Tacewa da ƙyalle ma ba ta taɓa shi. Cire shi sai da dabaru na musamman, kamar alif da farar ƙasa bisa awo, ko gawayin ƙashi, wanda shi ma sai an tabbatar da ƙashin wace dabba ce kafin Musulmi su natsu da shi, ko kuma a koma tara ruwan sama domin shan yara.

Saboda haka ina ba kwamitocinmu shawara su sa awon ruwa cikin yarjejeniyar da suke yi da mai haƙa tun farko, a riƙe wani kaso na kuɗinsa sai takardar awo ta fito. Kamfanin ruwa na ƙasa yana da ɗakunan awo, haka Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, haka jami'ar KNUST a nan Kumasi, hukumar ruwan karkara ta CWSA kuma ta san yankunan da ake fama da wannan matsala, ana iya tambayarta kafin a kafa inji. Kuɗin awo ɗan kaɗan ne idan aka gwada shi da kuɗin haƙa. A ce musu a fili ana son a duba fulorayid, don wani awon ƙwayoyin cuta kaɗai yake dubawa. Idan ya haura 1.5, a rubuta a jikin rijiyar da Hausa da harshen mutanen wurin cewa ta wanka da wanki ce, ba ta shan yara ba. Idan bai haura ba, a rubuta adadin da ranar awon a ƙasan allon nan da ke ɗauke da sunan mai sadaka. Rijiyoyin da aka riga aka haƙa a shekarun baya ma, a ɗebi kwalba guda daga kowace a kai.